Matan da Suka Ƙirga Jariran Amurka: Ma'aikatan Ofishin Kula da Yara, 1912 zuwa 1956

Ana ba da labari cewa wata safiya a shekarar 1903, mata biyu suna karin kumallo a wani gida da ke unguwar talakawa a birnin New York, sai suka ci karo da labari a jarida cewa gwamnatin tarayya ta tura sakataren aikin gona kudancin ƙasar don ya duba ɓarnar da wani ƙwaro yake yi wa auduga. Ɗayarsu ita ce Lillian Wald, ma'aikaciyar jinya da ta kafa gidan taimakon marasa galihu na Titin Henry a 1893. Ɗayar kuma Florence Kelley ce, wadda ta karanta shari'a, ta kuma taɓa shugabantar masu duba masana'antu a jihar Illinois. Tambayar da ta taso a kan teburin nan mai sauƙi ce: idan gwamnati tana da ma'aikatar da hankalinta zai tashi saboda auduga, me ya hana ta samun ofishin da hankalinsa zai tashi saboda 'ya'yan mutane da ke mutuwa kowace bazara? Sai da aka shafe shekara tara ana fafutuka kafin Shugaba William Howard Taft ya sa hannu a kan dokar kafa Ofishin Kula da Yara, ranar 9 ga Afrilu, 1912.

Kuɗin da aka ware wa ofishin a shekararsa ta farko dala 25,640 ne kacal, ma'aikatansa kuma ba su wuce goma sha biyar ba. Dokar ba ta ba shi ikon gina asibiti ko raba magani ba. Aikinsa shi ne ya yi bincike, ya kawo rahoto a kan duk abin da ya shafi rayuwar yara. Wanda ya dubi wannan ƙaramin jari ba zai yi zaton a nan ne tsarin kula da lafiyar mata masu juna biyu da ƙananan yara na Amurka zai samo tushe ba. A ganina ba a fahimtar yadda hakan ta faru ta hanyar karanta dokoki kawai. Sai an dubi mutanen da suka zauna a kujerun ofishin, an san gidajen da suka fito, da makarantun da suka karɓe su, da waɗanda suka rufe musu ƙofa. Ƙarfin shirin daga can ya fito, rauninsa ma daga can.

Shugabar farko, Julia Lathrop, ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa haihuwa ba. An haife ta a 1858 a garin Rockford na jihar Illinois, mahaifinta lauya ne da ya taɓa zama ɗan majalisar wakilai. Ta kammala kwalejin Vassar a 1880, a zamanin da macen da ta yi digiri ba ta da inda za ta kai shi, don haka ta koma gida ta yi shekara goma tana aiki a ofishin mahaifinta. A 1890 ta tare a Hull House, gidan da Jane Addams ta buɗe a tsakiyar unguwannin baƙi masu ƙaura a birnin Chicago, inda 'ya'yan masu hali suke zama maƙwabtan talakawa don su ga rayuwarsu da idonsu. Bayan shekara uku gwamna ya naɗa ta a hukumar kula da gidajen gajiyayyu ta jihar, sai ta yi abin da ba a saba gani ba: ta bi gundumomin jihar duka 102, ta shiga ɗakunan da ake tara tsofaffi da marayu da masu taɓin hankali wuri guda, ta rubuta abin da ta gani. Tana cikin waɗanda suka yi tsaye har aka kafa kotun yara ta farko a ƙasar a 1899. Da ta isa Washington a 1912, ta zama mace ta farko da ta shugabanci wani ofishin gwamnatin tarayya.

Abu biyu ta zo da su daga wancan yawo na gundumomi. Na farko, ƙin jinin ba da aiki don sanayya, domin ta ga yadda 'yan siyasa suke cika gidajen gajiyayyu da yaransu waɗanda ba su san komai a kan jinya ba. Ta dage cewa duk mai son aiki a ofishinta sai ya bi ta jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, kuma wannan ƙa'ida ce ta buɗe ƙofa ga mata masu digiri a fannin lissafin ƙididdiga da tattalin arziki da nazarin zamantakewa, waɗanda sauran ma'aikatu ba sa ko kallo. Na biyu, sanin inda za a fara taɓawa. Abokan gwagwarmayarta sun so ta faɗa wa matsalar sa yara aiki a masana'antu, amma ta san masu masaƙu suna da dogon hannu a majalisa. Sai ta zaɓi mutuwar jarirai, domin babu ɗan siyasar da zai miƙe ya ce yana goyon bayanta.

Nan take aka gano cewa ƙasar ba ta ma san yawan jariran da ake haifa mata ba, balle waɗanda suke mutuwa. Jihohi da yawa ba su da ingantacciyar rajistar haihuwa. Sai a 1915 aka tsayar da yankin da ake amincewa da alƙalumansa, jihohi goma da babban birnin tarayya, kuma a can ma cikin kowane jariri dubu kimanin ɗari ba sa ganin zagayowar shekara. Ofishin ya zaɓi Johnstown, garin ƙera ƙarafa a jihar Pennsylvania, ya tura ma'aikatansa mata a 1913 su bi gida gida. Dabararsu ta bambanta da ta likitoci. Maimakon su fara da takardun mutuwa, sai suka ɗauki sunan kowane jaririn da aka haifa a shekara guda, suka nemi mahaifiyarsa, suka zauna da ita. Nono ake ba shi ko madarar kwalba? Daga ina ake ɗebo ruwa? Mutum nawa ke kwana a ɗaki? Kwana nawa ta yi da haihuwa kafin ta koma wanki da dafa wa 'yan haya abinci? Nawa maigida yake samu? Emma Duke ce ta rubuta rahoton. Da aka maimaita binciken a wasu garuruwa aka haɗa sakamakon, sai amsar ta fito fili: mutuwar jarirai a gidajen da albashin uba ya fi ƙanƙanta ta kusa ninka ta gidajen masu samu sau uku. Likita da ya je Johnstown zai dawo da sunayen cututtuka, gudawa da ciwon huhu. Matan da aka horar a Hull House sun dawo da albashin uba, domin tambayar da rayuwarsu ta koya musu ke nan.

Wata ma'aikaciya da tarihi bai cika ambatonta ba ita ce Mary Mills West. Ta yi jami'ar Minnesota, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta shiga aikin gwamnati don ta ciyar da su. Ita Lathrop ta ɗora wa rubuta ƙananan littattafai biyu, ɗaya a kan goyon ciki a 1913, ɗaya a kan renon jariri a 1914. Ta tuntuɓi likitoci, amma muryar da ke cikin littafin ta uwa ce mai magana da uwa. Littafin renon jariri ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da gwamnatin Amurka ta fi bugawa a tarihinta, kuma ya jawo abin da ba a shirya masa ba, wato wasiƙu. Mata daga gonaki masu nisa, inda likita mafi kusa yake tafiyar yini guda, suka riƙa rubuto wa ofishin, har a wasu shekarun adadin wasiƙun yakan haura dubu ɗari. Wata tana jin tsoron haihuwa saboda yadda ta sha wuya a ta baya, wata ba ta da ko zanen da za ta naɗe jaririn. Ma'aikatan sukan amsa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma su haɗa da kayan jariri daga aljihunsu. Amma likitoci ba su ji daɗin cewa wadda ba ta yi makarantar likitanci ba ce take koya wa ƙasa reno. A hankali aka kafa kwamitin likitoci masu ba da shawara, aka cire sunan West daga bugun da suka biyo baya.

Likitar farko da ta riƙe sashen lafiyar yara a ofishin ita ce Grace Meigs, wadda ta yi karatu a kwalejin likitanci ta Rush da ke Chicago. Rahotonta na 1917 ya juya hankali daga jariri zuwa uwa. Ta nuna cewa aƙalla mata dubu goma sha biyar ne suke mutuwa duk shekara ta dalilin haihuwa, kusan rabinsu daga zazzaɓin bayan haihuwa wanda tsabtar hannu da ta kayan aiki za ta iya hanawa, kuma in ban da tarin fuka babu abin da ya fi haihuwa kashe mata masu shekara 15 zuwa 44. Shekara guda bayan haka ta yi aure, ta bar aiki. Wannan ƙaramin labari yana bayyana dalilin da ya sa manyan ofishin kusan duka marasa aure ne: al'adar zamanin ba ta yarda mace ta haɗa aure da irin wannan aiki ba.

Abokan adawa ba su bar wannan dama ta wuce ba. Lokacin da ake muhawara a kan dokar da za ta ba jihohi kuɗin kula da masu ciki da jarirai, Sanata James Reed na Missouri ya miƙe a zauren majalisar dattawa yana yi wa ma'aikatan ba'a, cewa taron matan da ba su taɓa aure ba ne za su koya wa iyaye mata reno. Sai dai lissafin siyasa ya canza, domin a 1920 matan Amurka sun sami 'yancin jefa ƙuri'a, kuma babu ɗan majalisar da ya san inda ƙuri'unsu za su faɗa. Dokar, wadda ta ɗauki sunan Sanata Morris Sheppard na Texas da ɗan majalisa Horace Towner na Iowa, ta wuce da gagarumin rinjaye, Shugaba Warren Harding ya sa mata hannu ranar 23 ga Nuwamba, 1921. Kuɗin bai kai dala miliyan ɗaya da rabi a shekara ba, kuma mafi yawansa sai jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa.

Wadda ta aiwatar da dokar ita ce Grace Abbott, 'yar garin Grand Island a jihar Nebraska, haihuwar 1878. Malamar sakandare ce kafin ta tafi Chicago, ta zauna a Hull House, ta shugabanci ƙungiyar kare baƙi masu ƙaura, tana tarar 'yan mata a tashar jirgin ƙasa kafin 'yan damfara su riga ta. Ta shigo ofishin a 1917 don ta kula da dokar hana sa yara aiki, kotun ƙoli ta soke dokar a 1918, sannan ta gaji Lathrop a 1921. 'Yar'uwarta Edith Abbott kuwa ta zama shugabar makarantar horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a ta jami'ar Chicago. Tsakanin 'yan'uwan biyu aka sami hanya a buɗe: makaranta tana horarwa, ofishi yana ɗauka. Wannan ya ba ma'aikatan haɗin kai da manufa ɗaya, amma ya sa kusan dukkansu launi ɗaya ne, addini kusan ɗaya, tarbiyya ɗaya, 'ya'yan gidajen rufin asiri na arewacin ƙasar.

Ainihin aikin kuwa ba a Washington aka yi shi ba. Ma'aikatan jinya na jihohi ne suka yi shi, a kan doki ko a tsohuwar mota, suna awon jarirai a ajin makaranta ko a ɗakin taron coci. Cikin shekarun da dokar ta yi, an kai ziyara gidaje sama da sau miliyan uku, an buɗe cibiyoyin awon ciki da na yara kusan dubu uku, an raba takardun wayar da kai fiye da miliyan ashirin da biyu. Dokar ba ta yarda a yi magani ba, koyarwa kawai ta amince da ita. Nas za ta iya gaya wa uwa cewa ɗanta yana buƙatar likita, amma ba ta da ko sisin da za ta biya likitan.

A ƙasan wannan tsani akwai ma'aikatan da ba a biya su albashi, kuma su ne suka fi kowa taɓa jarirai. A kudancin Amurka, rabin haihuwa ko fiye a tsakanin baƙar fata ungozomomi ne suke karɓa, tsofaffin mata da suka gaji sana'ar daga iyaye da kakanni tun zamanin bauta, kuma da yawansu suna ɗaukarta a matsayin kira daga Ubangiji. Mai karatu daga ƙasarmu ba ya buƙatar a yi masa bayanin matsayin irin wannan tsohuwa a unguwa. A Mississippi kaɗai an ƙirga sama da dubu huɗu a farkon shekarun 1920. Jihohi suka yi musu rajista, suka tara su a tarukan wata-wata, aka koya musu wanke hannu da yanke farce, da dafa almakashi kafin a yanke cibiya, da ɗiga maganin ido ga jariri don kare shi daga makanta, da cike takardar haihuwa. Aka ɗinka musu farar hula da farin bante, nas kuma tana da ikon buɗe jakar kowacce ta cire saiwoyi da ganyayyakin da aka haramta. Cikin masu koyarwar akwai Dokta Ionia Whipper, baƙar fata da ta kammala likitanci a jami'ar Howard a 1903, wadda ofishin ya ɗauka ta zagaya jihohin kudu. Irinta ba su da yawa a jerin ma'aikatan.

A nan ne hukuncina a kan waɗannan mata masu himma yake rabuwa biyu. Horon ya ceci rayuka, babu musu. Amma rahotannin jami'an jihohi na lokacin cike suke da kalmomin raini, ana kiran ungozoma jahila mai ƙazanta da camfi, kuma manufar da ba a ɓoye ba ita ce a yi amfani da ita na ɗan lokaci har likitoci su wadata, sannan a kawar da ita. Matan da suka iya ganin albashin uba a bayan mutuwar jariri a Johnstown, sun kasa ganin cewa talauci da wariyar launin fata, waɗanda suka hana mace baƙar fata gado a asibiti, sun fi hannun ungozoma laifi. Mary Coley ta jihar Georgia, wadda ma'aikatar lafiya ta yi fim da ita a 1953 don koyar da sauran ungozomomi, ta nuna irin ƙwarewar da ke cikin sana'ar. Duk da haka lasisi ya riƙa raguwa kowace shekara. Margaret Charles Smith ta Alabama ta karɓi haihuwa dubbai a gundumarta, sai jihar ta yi doka a 1976 wadda ta kawo ƙarshen sana'ar irinta.

Ita kanta dokar ta 1921 ba ta yi tsawon rai ba. Babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta kira ta shirin gurguzu da aka shigo da shi daga waje, jihohin Massachusetts da Connecticut da Illinois suka ƙi karɓar kuɗin tun daga farko. Da 'yan majalisa suka lura cewa mata ba sa jefa ƙuri'a a dunƙule, sai tsoro ya gushe, aka bar dokar ta mutu ranar 30 ga Yuni, 1929. Mutuwar jarirai ta sauka daga kimanin 76 cikin dubu a 1921 zuwa 68 a 1929. Abin lura shi ne likitocin yara sun goyi bayan dokar alhali uwar ƙungiyarsu tana yaƙarta, kuma wannan saɓani yana cikin dalilan da suka sa suka ware suka kafa tasu ƙungiyar a 1930.

Zuriya ta biyu ta ma'aikatan ta koyi darasi daga wannan faɗuwa. Katharine Lenroot, 'yar sanata daga Wisconsin, ta shigo a 1915 a matsayin ƙaramar mai bincike, ta hau mataki mataki har ta zama shugaba a 1934. Mataimakiyarta, Martha May Eliot, likita ce wadda ba mai iya cewa ba ta san aiki ba. An haife ta a 1891 a Massachusetts, ta nemi shiga makarantar likitanci ta Harvard aka ƙi ta saboda mace ce, ta tafi Johns Hopkins ta kammala a 1918. A jami'ar Yale ta yi aiki da Dokta Edwards Park a kan ciwon laushin ƙashi mai tanƙwara ƙafafun yara, suka tabbatar a unguwannin New Haven cewa man hantar kifi da hasken rana sun isa su hana shi. Abokiyar karatunta kuma abokiyar zamanta, Dokta Ethel Dunham, ta shigo ofishin a 1935, ta tsara ƙa'idojin kula da bakwaini a asibitoci. Abbott da Lenroot da Eliot ne suka tsara sassan da suka shafi uwa da yaro a dokar tsaron rayuwar jama'a da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 14 ga Agusta, 1935. Babi na biyar na dokar ya ware dala miliyan 3.8 a shekara don lafiyar mata da yara, kuma a wannan karon ba a yanka masa wa'adi ba. An ba jihohi damar kashe wani ɓangare wajen tura likitoci da nas-nas ƙaro ilimi, ta haka kula da lafiyar uwa da yaro ya zama fanni mai zaman kansa da ake karantawa a jami'a.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Eliot ta yi abin da aka hana magabatanta. Matan ƙananan sojoji sun cika garuruwan da ke kusa da barikoki, ga ciki, ga albashin miji bai isa kuɗin asibiti ba. Daga 1943 zuwa 1949 ofishin ya biya kuɗin awo da haihuwa da jinyar jarirai kai tsaye ga mata da yara kimanin miliyan ɗaya da rabi, har a ganiyar shirin ɗaya cikin kowace haihuwa bakwai a ƙasar gwamnati ce ta biya. Asibitin da yake son kuɗin dole ya cika sharuɗɗan ofishin, kuma hakan ya ɗaga matsayin ɗakunan haihuwa da yawa. Ya kuma ƙara gaggauta ƙaurar haihuwa daga ɗakin gida zuwa gadon asibiti, inda ungozoma ba ta da wurin tsayawa.

Eliot ita kaɗai ce mace cikin waɗanda suka sa hannu a kan kundin kafa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1946, ta yi mataimakiyar babban daraktanta a Geneva daga 1949 zuwa 1951, sannan ta dawo ta shugabanci ofishin har 1956. Amma a lokacin an riga an rage masa tsawo: a 1946 an ɗauke shi daga ma'aikatar ƙwadago aka cusa shi ƙarƙashin wata babbar hukuma, a 1969 kuma aka miƙa ayyukansa na lafiya ga hukumar lafiya ta tarayya, wadda Grace Abbott ta hana ta karɓe su a 1930. Da Eliot ta bar aikin gwamnati, jami'ar Harvard ta naɗa ta shugabar sashen lafiyar uwa da yaro a makarantarta ta kiwon lafiyar jama'a a 1957, shekara arba'in da 'yan kai bayan makarantar likitancin jami'ar ta mayar mata da takardar neman shiga.